Ranar da limaman coci suka ƙone Baba Nowel

Sanyi ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, kuma kamar yadda aka saba idan watan Disamba ya raba tsakiya, ƴan talla sun fito bakin manyan titunan Yamai suna ɗaga wa masu mota jajayen huluna masu farin baki, da ƙananan itatuwan roba da aka yaɓa wa ƙyalli. Mai sayarwa Musulmi ne, in an kira salla zai jingine hajarsa ya yi alwala. Mai saye shi ma sau da yawa Musulmi ne, bai taɓa taka ƙofar coci ba, ba ya kuma da niyyar takawa. Ita kuwa hajar daga Sin aka yo odarta.

A fadarmu ta shan shayi wannan magana ba ta ƙarewa. Wani ya ce duk wanda ya saya wa ɗansa wannan hula ya bi addinin Nasara. Wani ya ce haba, wasan yara ne kawai. Ni kuwa duk lokacin da gardamar ta yi zafi sai in tuna da wani abu da ya faru a ƙasar Faransa, wanda ke nuna cewa Kiristoci masu riƙo da addininsu sun riga malamanmu kuka da wannan buki, kuma kukansu ya fi namu ɗaci.

Ranar Lahadi 23 ga Disamba 1951, a garin Dijon, an tara yara kimanin 250 a farfajiyar babban cocin garin. Aka fito da mutum-mutumin tsohon nan mai farin gemu da jan alkyabba, wanda Faransawa ke kira Per Nowel, wato Baba Nowel, aka rataye shi a jikin shingen ƙarfe, sa'an nan aka cinna masa wuta yara suna kallo. Da yardar limaman Katolika aka yi wannan aiki. Laifin da suka ɗora masa shi ne, maƙaryaci ne kuma ɗan ƙwace: baƙo ne da aka bai wa masauki a zaure, aka wayi gari yana raba wa masu gida ɗakuna. Ranar ta tunawa da haihuwar Almasihu ce, amma yara sun daina tambayar wa aka haifa, sai dai me za a kawo musu. Abin da ya fi ƙona wa limaman rai shi ne makarantun gwamnati. A can an hana a kafa siffar komin dabbobin da Linjila ta ce a ciki aka kwantar da jaririn, domin makarantar gwamnati ba ruwanta da addini, amma shi tsohon mai gemu an buɗe masa ƙofar kowane aji.

Gari ya rabu biyu, jaridun Paris suka ɗauka. Kashegari da yamma, ma'aikatar magajin gari ta gayyaci yara dandali, sai ga Baba Nowel ya bayyana a kan rufin ginin, fitilu na haska shi, kamar ba shi aka babbaka jiya ba. Abin dariyar kuwa, magajin garin Dijon na lokacin, Félix Kir, wanda ya riƙe kujerar daga 1945 har rasuwarsa a 1968, shi kansa limamin Katolika ne.

Masanin al'adun nan Claude Lévi-Strauss ya yi dogon sharhi a kan wannan lamari cikin mujallar Les Temps modernes a 1952, ya kuma lura da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Waɗanda suka tashi kare Baba Nowel su ne masu adawa da coci, mutanen da suka shekara suna zargin limamai da cusa wa yara tatsuniya. Rana ɗaya sai aka yi musanyar riguna: limami na cewa a daina yi wa yara ƙarya, wanda bai yarda da Allah ba yana cewa a bar musu tatsuniyarsu. Marubucin ya danganta bunƙasar bukin da tasirin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma ya ce saiwarsa ta fi haka nisa, ta kai har shagulgulan tsakiyar hunturu da Romawa ke yi tun kafin Kiristanci ya kafu a ƙasarsu.

Wannan batu na saiwa yana da muhimmanci, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka duk abin da muke gani a Disamba daga littafin Kiristoci ya fito. Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Annabi Isa, alaihis salam, ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bukin ranar 25 ga Disamba yana komawa ne ga birnin Roma a shekara ta 336. Har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sai 7 ga Janairu suke nasu. Itacen da ake ƙawatawa kuwa al'adar mutanen yankin Alzas da Jamus ce, akwai ambatonsa cikin littafin lissafin garin Sélestat tun 1521. Shi ma tsohon mai kyauta, asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Sunansa ya bi ƴan Holan zuwa Amurka, can ya yi ƙiba ya sami keken barewa, kuma tallace-tallacen Coca-Cola daga 1931 suka ƙara kafe siffarsa a idon duniya. Wanda ya karanta Suratu Maryam ya san itacen da ke cikin labarin haihuwar dabino ne. Da za a bi nassi, da mutanen Ingal da Bilma sun fi kowa kayan ado.

Akwai ma lokacin da Kiristoci masu tsanani suka haramta bukin ɗungurungum. Majalisar Ingila ta soke shi a 1647, a yankin Masacusets na Amurka kuma an kafa dokar cin tarar mai yinsa daga 1659 zuwa 1681. Hujjarsu ba ta da nisa da wadda ake ji a wa'azin wasu malamanmu game da wasu bukukuwan namu: ba a umarce mu da shi ba, kuma shashanci ya yi yawa a cikinsa.

To, wa ya ci nasara a Dijon? Dubi Faransa ta yau ka ba kanka amsa. Dokar 9 ga Disamba 1905 ta raba gwamnati da coci. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gudanar a 2019 da 2020 ya nuna kashi 51 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 59 sun ce ba su da addini, kashi 29 ne kawai suka kira kansu Katolika. Duk da haka, cikin ranakun hutu 11 na ƙasar, 6 na Kiristanci ne, kuma ba ka jin ƙungiyar ƙwadago ta fito zanga-zangar a soke ko ɗaya. Daren 24 ga Disamba jiragen ƙasa cike suke, kowa na hanyar gidan iyayensa, wanda ya yi imani da wanda bai yi ba, a ci a sha a bai wa yara kyauta. Mafi yawansu ba za su je addu'ar tsakar dare ba. Har komin dabbobin nan da limaman 1951 suka yi wa kuka ya koma abin shari'a: ranar 9 ga Nuwamba 2016 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta yanke cewa ana iya kafa shi na ɗan lokaci a ginin hukuma in dai al'ada ce ko ado ko shagali, ba nuna goyon bayan addini ba. Ma'ana, an yarda jaririn ya shiga ma'aikata da sharaɗin kada a ɗauke shi da muhimmanci. Ban san wani Kirista na ƙwarai da zai kira wannan nasara ba.

Tarayyar Sobiyet ta bi ta wata hanya ta iso wuri guda. A 1929 gwamnatin kwaminis ta soke hutun Nowel, aka mai da itacen abin zargi. Shekara shida kacal aka jure. A ƙarshen Disamba 1935 wani jigon jam'iyya, Pavel Postyshev, ya rubuta a jaridar Pravda cewa a mayar wa yara itacensu, sai aka dawo da shi a matsayin itacen sabuwar shekara, aka ɗora masa jan tauraro a ka. Ƴan uwanmu da suka yi karatu a Mosko sun ga wannan da idonsu. Gwamnatin da ta iya rufe dubban coci-coci ta kasa raba mutane da daren da za su taru su ci abinci cikin tsananin sanyi.

Mu a nan, ta hannun Faransa abin ya zo mana. Mun gaji kalandar ma'aikata daga mulkin mallaka, kuma bayan ƴancin kai na 1960 aka bar 25 ga Disamba da Litinin ɗin Pak, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira Ista, cikin ranakun hutu, a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Tare da kalandar muka gaji al'adar nan ta manyan ma'aikatu da kamfanoni, inda ake tara ƴaƴan ma'aikata a ƙarshen shekara, a sa wa wani masinja gemun auduga da jar riga yana zufa, ya raba musu kayan wasa. Wanda ya ce wannan ibadar Kiristoci ce bai san ibadar Kiristoci ba. Shi ne dai ainihin abin da aka cinna wa wuta a Dijon. Yaron da ya karɓi motar roba daga hannun masinja bai koyi kome game da Almasihu ba. Abin da ya koya shi ne akwai watan da ake saye, kuma uban da bai saya ba ya gaza. A nan ne nake da ja. Magidancin da bai gama biyan bashin ragon layya da kuɗin lakwal ba, ga shi an ƙirƙiro masa wata sabuwar hidima. Ga ƴan kasuwa kam abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Mu ma kada mu cika baki, mun san yadda ciki ke cinye ranar ibada. Ranar Ashura rana ce ta azumi, amma sunan da Bahaushe ya laƙaba wa watan shi ne cika-ciki. A ƙauyukan Arewa da Gobir, Aznan da ba su salla ba su taɓa ƙin naman layya ba, ba a kuma taɓa hana su ba.

Sai dai akwai wani abu dabam da ake cuɗawa da wannan, kuma a kansa ne nake roƙon masu wa'azi su yi hattara da harshensu. Shekara da shekaru ina da maƙwabciya ƴar asalin Togo, mai sayar da abinci. Kowace 25 ga Disamba, bayan ta dawo daga coci, ɗanta na sallama a ƙofarmu da kwanon shinkafa da kaza. Kowace babbar salla cinyar rago na fita daga gidanmu zuwa nata. Ba ta taɓa neman mu je cocinta ba, ba mu taɓa neman ta zo idi ba. Bukin Magaji ba ya hana na Magajiya. Hukuncin taya murna na bar wa malamai, sun yi saɓani a kai tun ba yau ba, amma aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, haƙƙin maƙwabci kuwa babu mai gardama a kansa. A Senegal sun mai da wannan abin alfahari. Ranar Juma'ar da ke gaban Pak, iyalan Katolika na dama ngalak, wani haɗi na gero da gyaɗa da garin ƴaƴan kuka, su rarraba wa maƙwabtansu Musulmi bokiti-bokiti, su kuma su rama da nama ranar Tabaski. Ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne ta yi shekara 20, daga 1960 zuwa 1980, ƙarƙashin shugaba ɗan Katolika, Léopold Sédar Senghor.

Ba don nishaɗi na kawo wannan ba. Dukanmu muna tune da 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da fushin zanen ɓatancin wata jaridar Paris ya sauka a kan mutanen da ba su zana kome ba. Mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, kuma a Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙone. Waɗanda suka yi zanen ba masu zuwa coci ba ne, jikokin masu adawa da limamai ne, irin waɗanda suka tsaya wa Baba Nowel a 1951. Matasanmu ba su san wannan bambanci ba. A idonsu Bature da Kirista da mai jar hula duk abu ɗaya ne, sai suka huce a kan maƙwabci. A kwanakin nan biyu, akwai Kiristocin da suka tsira domin wani Musulmi ya buɗe musu ƙofarsa, kuma ina da yaƙinin cewa da wuya mutum ya buɗe ƙofa cikin dare ga wanda bai taɓa cin abincinsa ba. Maƙwabciyata da ƴaƴanta uku a ɗakin uwargidana suka kwana, ba wanda ya runtsa.

A makon jiya ƙaramar ɗiyata ta dawo daga lakwal da buƙatar itacen roba, wai ƙawarta an saya mata. Na ce ba zan saya ba, ta yi fushin kwana biyu, har uwarta ta sa baki cewa na cika tauri. Na amsa laifina, ban kuma saya ba. Amma na riga na ware kuɗin tukuicin yaron da zai kawo kwano ranar 25, na kuma gaya wa uwargida kada a mai da kwanon nan wofi, ko da dabino ne a zuba.