Kafin Mu Zuba Jari A Harkar Ruwa, Mu Tambaya: Wa Zai Biya?

 

A wannan wata mun yi niyyar yin magana a kan jarrabawar yaranmu ne, amma wata takarda da ta faɗo hannunmu ta sa muka ajiye waccan maganar sai wani jiƙon. Wani tsohon ɗalibinmu, yaro mai ladabi wanda yanzu ya zama magidanci, shi ne ya tare mu a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi, ya gaishe mu, ya miƙo takardar, ya ce, "Ticha, ga wata hanyar arziki ta samu, na ce ba zan ci ni kaɗai ba." Takardar tana kiran jama'a su zuba jari a wani ƙaramin kamfani wanda zai riƙa yashe kwatoci, da gina magudanan ruwa, da haƙa rijiyoyin burtsatse. Duk wanda ya sa sidi 1,000, wai za a riƙa ba shi sidi 100 kowane wata, uwar kuɗinsa kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Ya ce tuni wasu iyayenmu mata sun fara shirin kwaso kuɗin susu, wani dattijo ma yana tunanin taɓa ajiyar da yake yi ta zuwa Makka. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba, domin ba mu kama kowa da laifi ba. Amma tun da maganar ta kai ga kuɗin susu da guzurin aikin hajji, ta wuce ta mutum biyu, ta zama ta Zango baki ɗaya.

Da farko dai, babu mai musun cewa ana bukatar aikin. Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san yadda babbar kwata take cika ta tumbatsa in an yi ruwan sa'a biyu, ya kuma san cewa ruwan nan kogin Odaw yake gangarawa, daga can ya faɗa tafkin Korle kafin ya kai teku. Manya suna tuna ambaliyar Ankara ta 1995. Yara ma sun ji labarin daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. 'Yan'uwanmu na arewa kuwa, kusan kowace shekara in an buɗe madatsar ruwa ta Bagre da ke Burkina Faso, sai gonakin bakin kogi su nutse. A 2023 kuma aka saki ruwan Akosombo, garin Mepe da maƙwabtansa suka kwana cikin ruwa.

A kan wannan ne masu takarda suka gina maganarsu. Wai tun da ruwa yana ɓarna haka, duk wanda ya kafa kamfanin tare shi ba zai rasa ciniki ba. To a nan ne muke so mu tsaya mu yi lissafi irin na aji. Bukata daban, ciniki daban. Mai jin yunwa yana bukatar tuwo, amma mai tuwo ba ta cin riba sai in yana da kuɗi a aljihu kuma ya yarda ya biya. Saboda haka tambayar da ta kamata mu yi kafin mu kwance bakin zane ita ce: in kamfanin ya gama aikin, wa zai biya shi, kuma yaushe?

Ruwa iri biyu ne a wannan harka, akwai wanda ake so ya zo, akwai wanda ake so ya tafi. Ruwan da ake so ya zo yana da mai saye a tsaye. Mai tanka yana juye ruwa ya karɓi kuɗinsa nan take. Mai ruwan leda ba ya kwana da bashi mai yawa. Maigidan da ya kira a haƙa masa rijiya yakan ba da kafin alƙalami tun kafin mota ta shigo layinsa. Amma ruwan da ake so ya tafi ba haka yake ba. In aka yashe kwatar unguwa ruwa bai shiga ɗakunanmu ba, dukanmu mun amfana, amma wa za a miƙa wa rasit? Wanda ya biya da wanda ya ƙi biya duk ɗakinsu a bushe zai kwana. Ambaliyar da ba ta zo ba, ba ta da mai saye. Shi ya sa hukuma ce take biyan irin wannan aiki, ko gwamnati, ko majalisar gari, ko kuma da rancen waje. Misali, a 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin GARID, wanda ya shafi yashe Odaw da gyaran unguwanni irin su Nima. Irin wannan kwangila mai nauyi, manyan kamfanoni masu katafila da lamunin banki su ne ke samunta. Abin da kan kai ga ƙaramin kamfani shi ne ɗan yankin aiki daga hannun babba, sai ya zauna yana jiran babba, babba kuma yana jiran gwamnati.

Jiran nan kuwa ba na kwana biyu ba ne. A watan Maris 2025 ministan kuɗi ya gaya wa majalisar dokoki cewa bashin da 'yan kwangila da masu kawo kaya ke bin gwamnati ya haura sidi biliyan 67 a ƙarshen 2024. Yanzu sai mu ɗauki alli. A ce Hajiya ta sa sidi 10,000 a kamfanin kwata a ƙarshen 2021, aka yi mata alkawarin ribar kashi 30 cikin 100, aka kuma cika mata alkawarin bayan shekara guda, watau ta karɓi sidi 13,000. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin 100. Ke nan kayan da take saye a 10,000 sun koma kimanin 15,400. Ta ci riba a takarda, ta faɗi a kasuwa. Wannan fa in an biya ta a kan lokaci ke nan, ina ga an ja ta shekara biyu ko uku?

Kada kuma mu ɗauka cewa ƙanana kaɗai abin ke samu. Masana'antar tace ruwan teku da ke Teshie, wadda 'yan kasuwar waje suka zuba wa miliyoyin daloli aka buɗe ta a 2015, mai sayen ruwanta ɗaya ne tak, watau kamfanin ruwa na gwamnati. Da aka shiga saɓani a kan tsadar ruwan, sai aka dakatar da ita a farkon 2018. Duk sana'ar da mai sayenta ɗaya ne, ranar da ya yi tari ita ce za ta kwanta jinya.

To shi ruwan da ake so ya zo, ba shi da haɗari ne? Yana da nasa. Akan haƙa rijiya a sha wahala a tarar babu ruwa, ko kuma a same shi da gishiri kamar yadda yake faruwa a wurare da dama na Ankara. Injin famfo yakan ƙone. Motar haƙa in ta lalace, da dala ake sayo kayan gyaranta. Cinikin tanka yana hawa da rani, ya faɗi da damina. Sana'a ce ta gaskiya mai rufin asiri, amma ribarta hawa da sauka take yi kamar ta kowace sana'a. Shi ya sa alkawarin sidi 100 kowane wata a kan sidi 1,000 ya tayar mana da hankali. A shekara sidi 1,200 ke nan, fiye da uwar kuɗin. Wace rijiya ce ke fitar da irin wannan riba rani da damina ba fashi? Malamanmu ma sukan ja kunne cewa tarayyar kasuwanci ta halal ita ce a raba riba a raba hasara, ba a yanka wa mai jari wani adadi da ba ya motsi ba.

Ba yau muka fara jin irin wannan alkawari ba. Mun ga yadda jama'a suka yi tururuwa zuwa Menzgold saboda ribar wata-wata, har hukumar kula da harkar hannun jari, wadda ake kira SEC, ta dakatar da cinikinsa a watan Satumba 2018, mutane da yawa suka shiga neman kuɗinsu. A watan Mayu 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance guda 347, a watan Nuwamba na shekarar kuma SEC ta soke na kamfanonin juya kuɗi guda 53. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce, to me zai hana mu sayi hannun jarin irin waɗannan kamfanoni a kasuwar hannun jari, inda hukuma ke sa ido? Kasuwar tamu ta fara ciniki a 1990, a 2013 kuma aka buɗe mata wani sashe domin ƙananan kamfanoni. Amma in ka duba jerin sunayen, bankuna za ka gani da kamfanonin mai, da abinci, da sadarwa, da haƙar ma'adinai, ba za ka ga kamfanin kwata ba, shi kuma kamfanin ruwan famfo mallakar gwamnati ne. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya sa kuɗi a ƙaramin kamfanin ruwa ya shiga tarayya ce tsakaninsa da masu shi. Ranar da ya matsu, ko rashin lafiya ko kuɗin makaranta, babu kasuwar da zai kai rabonsa ya sayar. Sai dai ya bi su yana roƙon abinsa.

Ba muna cewa a guji harkar ba ne. Abin da muke cewa shi ne a shiga da ido a buɗe. Mun rubuta wa ɗalibin namu tambayoyi biyar a bayan takardarsa, ga su kuma gare ku. Na farko, kamfanin yana da rajista a ofishin rajistar kamfanoni, kuma su wane ne daraktocinsa? Na biyu, yana da lasisin aikin da ya ce yana yi? Mai haƙa rijiya yana bukatar lasisi daga Hukumar Albarkatun Ruwa, mai ruwan leda yana bukatar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna, mai tara kuɗin jama'a domin juyawa kuma sai da izinin SEC ko Babban Banki. Na uku, ina kayan aikin? A je a ga motar, a ga rijiyoyin da suka haƙa, a gaisa da mutanen da aka haƙa wa, domin gani ya kori ji. Na huɗu, su wa suka biya su a shekarar da ta wuce, kuma nawa suke bi bashi har yanzu? Na biyar, za a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, wadda ta faɗi yadda za a raba riba da hasara da yadda mutum zai fita in ya so? Bayan duk wannan, kada a sa sai abin da in ya ɓata ba za a kwana da yunwa ba. Kuɗin makarantar yara da guzurin hajji ba na gwaji ba ne.

In kuwa da gaske muna son jarinmu ya taimaka wajen rage ambaliya, to mu duba kusa da ƙafafunmu. Babban abin da ke toshe kwatocinmu shara ce da leda da yashi. Samarin nan masu aboboya da ke bi gida-gida suna kwasar shara, kowane gida yana biyansu a hannu. Matan da ke tsintar ledar ruwa suna da masu saye a kan sikeli. Ga sana'ar da ke hana kwata toshewa, ga kuma mai biya a tsaye. Mutum biyar in suka haɗa kuɗi suka saya wa wani yaron kirki aboboya, suka rubuta sharaɗi, suka tabbatar yana kai sharar inda hukuma ta ware ba bakin Odaw ba, to suna ganin jarinsu da idonsu kowace safiya. Ribar ba ta kai ta takarda ba, amma ta gaskiya ce.

Shi kuwa yashe kwatar layinmu, kada mu jira riba a cikinsa. Aikin gayya ne, kamar yadda iyayenmu suka riƙa yi, da shebur da manjagara, ƙarƙashin jagorancin sarakunan Zango da limamai da shugabannin samari. Babbar kwata kuma haƙƙinmu ne a kan hukuma, sai mu matsa wa wakilinmu na majalisar gari da ɗan majalisar dokoki, domin muna biyan haraji kamar kowa.

Ɗalibin namu ya dawo bayan mako guda da amsa biyu cikin biyar. Ya ce, "Ticha, sun nuna mini takardar rajista, sun kuma yarda a rubuta yarjejeniya, amma motar wai tana hanya." Muka ce masa, "Madalla, ɗana. Ka gaya wa iyayenmu mata su riƙe kuɗinsu tukuna. In motar ta iso sai mu tafi tare mu gan ta." Zafin nema ba ya kawo samu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da gidajenmu, ya sa mu ga ƙarshen daminar nan lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.