Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Ginin Jimlar Turanci Da Na Harshen Cek

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawa daga cikinmu muna haddace ƙa'idojin nahawun Turanci kamar aku, amma ranar jarrabawa sai jimla ta karkace, maki ya zube. A ganina, maganin wannan shi ne kwatance. Ba a gane halin harshe sosai sai an jera shi da wani.

Wannan ita ce hanyar da wani malamin Turanci na Jami'ar Charles da ke birnin Prag, Vilém Mathesius, ya bi. A shekarar 1926 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masana harshe ta Prag, kuma ya daɗe yana auna Turanci da harshensa na Cek.

A harshen Cek, suna yakan canja siffa gwargwadon aikinsa a cikin jimla, har hawa bakwai. Kare shi ne "pes" in shi ne aikau, amma "psa" in shi ne karɓau. Saboda haka "Petr vidí psa" da "Psa vidí Petr" duk suna nufin Bitrus yana ganin kare. Turanci kuwa ba shi da wannan dama. In ka juya "Peter sees the dog" ta koma "The dog sees Peter", to, kare ne yake kallon Bitrus. Wato a Turanci, wurin da kalma ta zauna shi ne yake nuna aikinta: aikau, sai aikatau, sai karɓau.

Mathesius ya kuma lura cewa mutanen Cek sukan fara da abin da mai sauraro ya riga ya sani, su ajiye sabon labari a ƙarshe. Bature ba zai iya juya kalmomi haka ba, sai ya nemi wata dabara, ya ce "The dog was seen by Peter". Ashe wannan tsarin da muke wahalar haddacewa yana da dalili.

Wani zai ce, ina ruwanmu da harshen Cek? Ai ba cewa na yi mu koye shi ba, dabarar nake so mu ara. Mu ma muna da ma'auni a bakinmu. Bahaushe yakan kawo sabon labari gaba, ya ce "Bitrus ne ya ga karen", inda Bature zai ce "It was Peter who saw the dog".

Don haka ina roƙon malamanmu su riƙa rubuta jimlar Hausa kusa da ta Turanci a kan allo, su nuna mana inda suka dace da inda suka saɓa. Iyaye kuma kada su ɗauka darasin Hausa ɓata lokaci ne, domin ɗalibin da ya san aikau da karɓau a harshensa ba zai ruɗe da su a Turanci ba.