Kafin a ce yaron shago ya lalace, a duba darensa

Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, rana ce ke buɗe ta, rana ce ke tashin ta. Baduku ya naɗe fatarsa kafin magariba, ɗan koli ya tattara kayansa. Har yau haka ake, sai dai aikin ya daina tsayawa a kasuwa, yana bin yaran shago gida. Wanda ke ɗinki da keken lantarki, in an kawo wuta ƙarfe biyun dare dole ya tashi. Wanda ba ya ɗinki kuma waya na manne da idonsa har kiran assalatu. Da safe sai ka ji maigida yana cewa, "Yaron nan ya lalace, kullum fuska a ɗaure."

Ni ban yarda lalacewa ce kullum ba, kuma dalilina daga ɓeraye ya fito.

A 2012, Samer Hattar da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka sa ɓeraye cikin wani tsari: haske awa uku da rabi, duhu awa uku da rabi, haka dai ba tsayawa. Ɓerayen sun yi barcinsu daidai gwargwadon da suka saba. Duk da haka suka rage sha'awar ruwan sukari, sinadarin damuwa ya ƙaru a jininsu, koyon sabon abu ya yi musu wuya. Waɗanda aka cire wa wasu ƙwayoyi na musamman da ke cikin ido, masu kai labarin haske ga ƙwaƙwalwa, ba su shiga wannan hali ba. Wato hasken da ya zo ba kan lokaci ba, shi kansa yana taɓa zuciya, ko da an ƙoshi da barci. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin mu abin da muke tambaya kawai shi ne ko yaro ya yi barci.

Jiki na da agogonsa, ƙwayoyin gado ne ke juya shi, haske kuma ke saita shi. Gano yadda yake aiki ne ya ba Hall da Rosbash da Young kyautar Nobel a 2017. A 2007 kuwa, binciken Colleen McClung ya nuna ɓerayen da ƙwayar gadonsu mai suna Clock ta samu tangarɗa suna rage barci, suna zaƙewa, suna kasada, har sai an ba su maganin lithium.

Ɓera ba mutum ba ne, shi da dare ma yake yawonsa. Amma irin waɗannan ƙwayoyin ido da na agogo muna da su.

Na san gab da Salla ba a yi wa tela wa'azin barci, lokacin ne kasuwarsa. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Iyayen gida na Kurmi, in yaro ya kwana aiki, kada a mayar da hakan al'adar shekara. A tsayar masa da lokacin kashe fitila, ya ajiye waya bayan isha'i, ya fita ya sha hantsi da safe maimakon ya wuni a lungun rumfa mai duhu. In kuma ƙuncin ya ƙi tafiya bayan makonni, a kai shi ya ga likita.