Bindiga Mai Arha: Wa Zai Gyara Ta Bayan Shekara 10?

A kusan kowane kantin kayan farauta a Amurka akwai wani sashe na bango inda ake jera bindigogi masu famfo, wato waɗanda ake jan mariƙinsu na gaba baya, a sake tura shi gaba, kafin kowane harbi. A nan mai ƙaramin ƙarfi yake tsayawa: manomin da namun daji suka addabi kajinsa, saurayin da zai fita farautar agwagin daji karo na farko, magidancin da gidansa ke nesa da ofishin 'yan sanda. Abin da ke aljihunsa bai wuce dala 200 zuwa 400 ba, kuma tambayar da yakan yi wa mai kanti guda ce: ta gida zai ɗauka ko wadda aka shigo da ita daga Turkiyya ko Sin? An daɗe ana jayayya a kan wannan tambaya, har ta koma ta kishin ƙasa. Amma wanda ya sa ta a gaba yana iya komawa gida da ɓataccen ciniki, domin sunan ƙasar da aka buga a jikin ƙarfe kaɗan yake faɗa game da abin da zai faru ranar da bindigar ta cije.

Da farko ma, iyakar da ke tsakanin ta gida da ta waje ta daɗe da dishewa. Winchester suna ne da ya shiga tarihin Amurka, kuma bindigarsa mai famfo ta 1897, wadda John Browning ya tsara, tana cikin waɗanda suka kafa wannan nau'i. Amma an rufe masana'antar Winchester ta New Haven a 2006, kuma bindigarsa mai famfo ta yau, SXP, a Turkiyya ake ƙera ta. Stevens 320, wadda kamfanin Savage na Amurka ke sayarwa, a Sin ake yin ta, bisa tsarin tsohuwar Winchester 1300. Ita kuwa Maverick 88, wadda masu kishin kayan gida suka fi nunawa a matsayin amsa ga masu arha na waje, ana haɗa ta ne a Eagle Pass, wani gari na jihar Texas a bakin iyakar Mekziko, kuma wasu sassanta a Mekziko ake ƙera su. Kamfanin Mossberg, uwar Maverick, shi kansa yana shigo da wasu bindigogin farauta daga Turkiyya yana sayarwa da sunansa. Mai saye da ya ɗauka yana zaɓe tsakanin tutoci biyu, sau da yawa tsakanin hanyoyin fatauci biyu yake zaɓe.

Yadda bindigar ke aiki shi ke nuna abin da ya kamata a duba. Idan aka ja mariƙi baya, wasu siraran sandunan ƙarfe suna tura maƙulli baya, wani ƙaramin ƙugiya ya fizgo kwanson harsashin da aka harba, wani ƙarfe ya wurgar da shi waje, sannan sabon harsashi ya fito daga bututun ajiya da ke ƙarƙashin bututun harbi. Idan aka tura mariƙi gaba, harsashin ya shiga mazauninsa, maƙulli ya kulle. Hannun mutum ne ke yin dukan aikin, shi ya sa wannan nau'i yake da arha kuma yake da juriya. Bututun harbi da gangar jiki ba safai suke lalacewa ba. Abubuwan da ke cinyewa ƙanana ne: ƙugiyar fizgo kwanso, ƙarfen wurgarwa, allurar da ke bugun harsashi, da sifirin da ke cikin bututun ajiya. Kowannensu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma rashin ɗaya daga cikinsu yana mayar da bindiga sanda mai nauyi. Saboda haka tambayar da ta fi cancanta ita ce: idan wannan ɗan ƙarfe ya karye bayan shekara 10, a ina za a samo wani, kuma wa zai sa shi?

Tarihin Remington ya amsa wannan tambaya ta fuska biyu. Remington 870 ta fito a 1950, an ƙera fiye da miliyan 11, kuma gangar jikinta ta ƙarfe ce zalla. Babu bindiga mai famfo da ta fi ta zama ta gida. Duk da haka, bayan da masu zuba jari na Cerberus suka sayi kamfanin a 2007, ƙorafi ya yawaita a kan samfurinta mai arha, Express, musamman saurin tsatsa da kwanson da ke maƙalewa a mazauninsa. Kamfanin ya bayyana karyewar jarinsa a 2018, ya sake yi a 2020, aka yi gwanjon kadarorinsa gunduwa-gunduwa, kuma a 2024 aka rufe tsohuwar masana'antarsa ta Ilion a jihar New York. Waɗanda suka saya saboda tambarin gida sun wayi gari kamfanin da ya ba su garanti babu shi. Wannan ita ce fuska ta farko. Ta biyu kuwa ita ce, duk da wannan rugujewa, mai 870 bai rasa kayan gyara ba. Yawan bindigar a hannun jama'a ya sa wasu kamfanoni da dama suna ƙera sassanta, kuma da wuya a sami mai gyaran bindiga a Amurka da bai san cikinta ba. Yawa da daɗewa ne suka ceci mai ita bayan kamfani ya faɗi.

Wannan ma'auni ne ya sa Maverick 88 ta fi yawancin abokan takararta a wannan farashi. Ƙanwar Mossberg 500 ce, wadda ke kasuwa tun farkon shekarun 1960, kuma sun yi tarayya a sassa da yawa. Bututun harbi na 500 yana shiga Maverick idan faɗin baki da tsawon bututun ajiya sun zo ɗaya, don haka mai ita zai iya sayen dogon bututu na farautar tsuntsaye ba tare da sayen wata bindiga ba. Ƙarfen wurgar da kwanso da noti ɗaya aka ɗaure shi, mai ita zai iya canza shi a gida, alhali na 870 an dasa shi ne dindindin, sai an kai wa mai gyara. An rage kuɗin Maverick ta wuraren da ba su taɓa aikinta ba, kamar mayar da madannin kariya kusa da kunama maimakon saman gangar jiki, da yin ƙota da roba maimakon katako.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke gefen na waje. Turkiyya tana da tsohuwar sana'ar ƙera bindigogin farauta, musamman a garuruwan Huğlu da Üzümlü na lardin Konya, kuma masana'antunta suna iya yin kaya mai kyau gwargwadon abin da mai oda ya biya ya kuma sa ido a kai. Kamfanin CZ yana sayar da bindigogin Huğlu a Amurka, Stoeger da ke ƙarƙashin rukunin Beretta yana ƙera nasa a Turkiyya. A 2015, da aka gano cewa wasu bindigogin SXP na iya tashi da kansu lokacin rufe maƙulli, Winchester ya yi shelar a dawo da su a duba a gyara. Abin kunya ne ga bindigar, amma ya nuna amfanin saye daga hannun wanda ke da adireshi da suna da yake tsoron ɓatawa. Haɗarin yana wajen ƙananan 'yan kasuwar da ke odar kwantena ɗaya ko biyu, su buga wani sabon suna mai ban tsoro, su sayar da arha, bayan shekara biyu a neme su a rasa. Bindigar tana iya yin aiki lafiya a farko. Ranar da allurarta ta karye, babu wanda ya ajiye irinta, kuma mai gyara zai nemi ladan da ya kusa kuɗin sabuwa kafin ya ƙera wata da hannu. A nan ne araha ba ta ado.

Masu cewa a sayi ta gida don raya ayyukan yi suna da hujja, kuma garin Ilion, wanda ya rayu da masana'antar Remington kusan shekara 200, shaida ne kan abin da ake rasawa. Sai dai wannan zaɓi ne na siyasa da tausayi, wanda mai saye yana da 'yancin yi da kuɗinsa, muddin bai ɗauke shi a matsayin gwajin inganci ba. Akwai kuma masu cewa wanda ba zai harba fiye da kwali biyu na harsashi a shekara ba, kowace bindiga ta ishe shi. Gaskiya ne sau da yawa. Amma tazarar farashi tsakanin maras asali da Maverick ba ta da yawa, kuma mai ƙarancin harbi shi ne wanda ba zai gano aibin bindigarsa ba sai ranar da yake matuƙar buƙatarta. Ga shi kuma mafi yawan cijewar bindiga mai famfo daga hannun mai harbi take zuwa, idan ya ja mariƙi bai kai ƙarshe ba. Maganin wannan atisaye ne, saboda haka duk wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan bindiga bai bar na harsashin koyo da na akwatin kullewa ba, bai gama lissafi ba.

Sunan wannan bindiga ba baƙo ba ne a Najeriya, inda ta shigo ta wata ƙofa dabam. A Janairun 2017 hukumar kwastan ta kama guda 661 a Legas, a Satumban wannan shekara ta kama wasu 1,100 a tashar Tin Can, waɗanda aka ce daga Turkiyya aka yi lodinsu. Dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba tare da lasisi ba. Bindigar da ta shigo a ɓoye cikin kwantena ita ce ƙarshen abin da aka bayyana a sama: babu garanti, babu kayan gyara, babu kamfanin da zai yi shelar a dawo da ita idan tana tashi da kanta, ga kuma ɗauri a kan mai riƙe da ita. Duk wata muhawara kan bai wa 'yan sintiri makamai da ba ta taɓo batun rajista, horo da gyara ba, ta tsallake rabin matsalar.

Ga mai saye na halal a Amurka, ma'aunin a taƙaice yake. Ya duba shekarun da samfurin ya yi a kasuwa, ya tambayi mai gyaran bindiga na garinsu ko yana da ƙugiya da allurarta a aljihun teburinsa, ya kuma tabbatar kamfanin da ya buga sunansa a jiki yana da wurin gyara a cikin ƙasar. Da wannan ma'auni, Maverick 88 ko tsohuwar 870 mai lafiya ta hannu za su zo a gaba, SXP da ta Stoeger su biyo baya ba tare da kunya ba, ita kuwa mai sabon sunan da mai gyara bai taɓa ji ba ta ci gaba da zama a bangon kanti.