Ledar kare fentin mota: kafin Alhaji da Hajiya su zuba jari a kanta

Akwai wata talla da ta cika wayoyinmu a ƴan shekarun nan, a Facebook da TikTok da WhatsApp, inda za a ɗauko sabuwar mota fil a lulluɓe ta da wata leda garai-garai kamar ruwa, sannan a sa burushin ƙarfe a karce ta, a zuba ruwan zafi, nan take sai alamar karcewar ta ɓace. Masu tallar, daga Kano da Abuja har zuwa Dubai, suna nuna cewa duk wanda ya sayi sabuwar mota bai sa mata wannan leda ba, to ya yi sakaci da dukiyarsa. Mu kuma namu ra'ayin shi ne, ga mafi yawan masu mota a wannan gari ledar ba ta kai kuɗinta ba, kuma ƴan kaɗan ɗin da za ta amfana ma, rufe gaban motar kawai ya ishe su. Ga dalilanmu.

Da ma mu mutane ne masu son leda a kan sabon abu. Ɗan kabu-kabu zai sayi babur ya shekara bai cire ledar da ya zo da ita ba, haka kujerun mota, haka akwatin talabijin a ɗakin amarya. Ba abin dariya ba ne, tattalin dukiya ne, domin wanda ya san wahalar da ya sha kafin ya samu shi ya san zafin asara. Sai dai waccan leda ta masana'anta an yi ta ne don tafiyar jirgin ruwa da ajiya ta ƴan watanni, idan ta daɗe a rana sai gam ɗinta ya gasu ya kama fenti, ruwa kuma ya riƙa kwanciya a ƙarƙashinta. Wannan son leda da muke da shi ne masu sabuwar talla suka samu a matsayin ƙofa.

Ita ledar da ake magana a kai daban take. Wata roba ce mai taushi da ake kira TPU, kaurinta bai wuce ɗaya cikin biyar na milimita ba, wato kamar takarda biyu a haɗe. Asalinta kamfanin 3M na Amurka ne ya yi ta a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa. Daga baya masu tseren motoci suka ɗauka, sannan ta shigo kasuwar kowa da kowa. Yau akwai kamfanonin da suka yi suna a kanta kamar XPEL da SunTek da shi kansa 3M, kuma mai kyau daga cikinsu takan zo da garanti na shekara 5 zuwa 10. Abin da ake nunawa a bidiyo gaskiya ne, zafi yana mayar da saman ledar yadda yake idan karcewar ba ta yi zurfi ba.

Kuma ba za mu ɓoye amfaninta ba. Duk wanda ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta Gure zuwa Difa, ya san yadda tsakuwa ke tsalle daga tayoyin manyan motoci ta fasa fentin gaba. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, tankoki ba sa yankewa a hanyar Tanut, kuma wanda ya daɗe a bayansu zai ga murfin injinsa ya yi zane kamar na ƴan baka. Ga iska mai yashi a lokacin hunturu, ga ƙaya idan an sauka daga kwalta zuwa kasuwannin ƙauye, ga kashin tsuntsu a gindin bishiya wanda yake cin fenti idan rana ta gasa shi. Duk waɗannan leda ta gaskiya tana tare su. Idan da a kyauta ake ba da ita, da mu ne na farko a layi.

To amma a nan gizo ke saƙar. A Turai, rufe mota gaba ɗaya da leda ta gaskiya yakan kama daga yuro 3,000 zuwa sama. Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan ana maganar kusan miliyan 2. Ledar daga waje ake kawo ta, saboda haka ko da ladan aiki ya fi sauƙi a ƙasashenmu, kuɗin ita kanta ba zai sauko ƙasa warwas ba. A 2024 gwamnati ta mayar da litar fetur sefa 499, wato kusan dala ɗari. Da wannan farashi, miliyan 2 na sayen lita 4,000. Ƙaramar motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta yi tafiyar kilomita 50,000 da shi, wato zuwa Yamai da dawowa fiye da sau 25. Hajiyar da ke saro atamfa a Kantin Kwari ta fi mu sanin sau nawa miliyan 2 zai juya a shekara, da kuma abin da zai haifa. Kuɗin da aka manna a jikin mota kuwa ya kwanta ke nan, ba ya haihuwa.

Abu na biyu, mu tambayi kanmu, motoci nawa ne sababbi na haƙiƙa a garin nan? Idan aka cire na ma'aikatu da na ƙungiyoyi da na wasu manyan attajirai da ke sayowa a kamfani irin su CFAO a Yamai, abin da muke ce wa sabuwa ƴar Kwatano ce, wadda ta gama shekarunta a Turai ko Amurka, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ko ta Kwatano ko ta Lome, inda da yawa suka koma bi bayan rufe iyakar Benin a 2023. Irin waɗannan motoci ba kaɗan ba ne aka sake musu fenti a wani sashe kafin su iso hannunmu, wasu har da ciko a ƙarƙashi. Fentin masana'anta a tanda ake gasa shi, shi ya sa yake kama ƙarfe da ƙarfi. Fentin garaji kuwa bai kai shi riƙo ba, kuma ranar da aka zo ɓare ledar tana iya tahowa da shi. Mutum ya biya kuɗi don ya kare fenti, ya ƙare da biyan wani kuɗin don a sake fenti.

Abu na uku shi ne ƙura. Wannan leda a jiƙe ake manna ta, ana fesa ruwa ana matse shi a hankali, kuma ana buƙatar ɗaki rufaffe mai tsabta da haske, da hannu wanda ya ƙware. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga ƙarƙashi, nan za ta zauna ana ganinta har ranar da aka cire ledar. Wanda ya san Damagaram daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya san cewa ko tuwo ka ajiye a buɗe sai ka ci da ƙasa. Saboda haka duk wanda ya ce zai manna maka ita a bakin titi ko ƙarƙashin rumfa, to ka riƙe kuɗinka. Kuma ko an manna da kyau, bakin ledar yana tara ƙura, sai ka ga wani baƙin layi ya fito a jikin farar mota, alhali fararen motoci ne suka fi yawa a wurinmu.

Bugu da ƙari akwai jabu. A ido, ledar TPU da leda mai araha ta PVC kusan ɗaya suke ranar da aka sa su. Ranar Afrilu da Mayu, wadda ke haura digiri 40, ita ke raba gardama. Mai arahar takan yi rawaya, ta bushe, ta tsattsage, gam ɗinta ya daskare a jikin mota, cire ta ma sai an biya wani ladan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan aka yi maka farashin da ya yi daɗi fiye da kima, to ba kai ne ka iya ciniki ba, kayan ne ba su ne ba. Akwai kuma ledar canza launin mota, wadda ta fi siriri, ita ado ce kawai, kada a sayar maka da ita da sunan kariya.

Sannan mu dubi abin da ke lalata jikin motar ɗan kasuwa a zahiri. Ka ajiye mota a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko a lungunan Zango da Birni, ka ga abin da ke gogarta. Amalanken shanu ne, da baro, da kan babur, da adaidaita mai neman hanya, da buhun da aka jefa a kai. Waɗannan lotsa ƙarfe suke yi, kuma leda ba ta hana lotsewa. Idan aka lotsa, sai an ɓare ledar wurin, mai gyaran jiki ya buga, a yi fenti, a jira makonni ya bushe sosai, sannan a sayi wata ledar. Garantin kuma bai shafi haɗari ba, yana magana ne a kan canza launi da tsagewa da kumbura.

Masu talla za su ce ai ranar sayarwa kuɗin zai dawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai saye idan ya ga an sake fenti yakan yi zargin an yi haɗari. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dillalan mota ya san abin da ake fara dubawa: ƙarar inji, hayaƙi, giya, ƙafafu, sanyin ciki, sai kuma takardun duwan. Motar da injinta ke shan mai ba ƙyallin fenti zai cece ta ba. Kuma bayan shekara biyar a hanyoyinmu, da wuya a samu mai sayen da zai ƙara miliyan 2 don kawai bamba ba ta da tabo.

To me ya kamata a yi da kuɗin? Na farko inuwa. Rumfar kwano ko ta zana a gida da kuma wurin sana'a ta fi kowace leda kare fenti, kuma tana kare kujeru da robobin ciki da leda ba ta kaiwa gare su. Na biyu wanki. Mun san matsalar ruwa a Damagaram, duk da rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza, akwai unguwannin da sai an sayi jarka a hannun ƴan ga-ruwa. Shi ya sa yara kan ɗauki busasshen tsumma su goge mota da safe, alhali ƙurarmu yashi ce, goge ta a bushe tamkar gurza fenti da takardar gurza katako ne. Gara a bar ƙurar har a samu bokiti biyu, a fara kwara ruwa, sannan a sa tsumma mai laushi. Kashin tsuntsu kuma a wanke shi a ranar. A riƙa shafa man ƙyalli sau biyu ko uku a shekara. Na uku, kuma mafi girma, matatar iska ta inji da juyen baƙin mai a kan lokaci, da tayoyi masu lafiya, da birki. Ƙurar da ta zauna a kan fenti muni kawai take kawowa, wadda ta shiga inji kuwa ita ke ajiye mota a garaji ranar kasuwar Mirya ko ta Matamai.

Wanda za mu ce ya sa leda shi ne mai mota sabuwa daga kamfani, mai tsada, irin su Hilux ko Land Cruiser, wanda aikinsa ke kan doguwar hanya, kuma yana da niyyar riƙe ta shekaru. Shi ma ya tsaya a bamba da murfin inji da fitilun gaba da madubin gefe, inda tsakuwa ke sauka, domin kuɗin wannan bai kai rabin na rufe mota duka ba. Kafin ya biya ya tambayi sunan kamfanin ledar, ya ga kwalinta da idonsa, a ba shi takardar garanti mai ɗauke da lambar motarsa, ya kuma san inda zai koma idan ta ɓaci. Garantin da sai ka tsallaka iyaka kafin ka same shi, a lissafa har da kuɗin hanya. Ya nemi a nuna masa motar da aka yi wa aikin shekara biyu da suka wuce, domin ta jiya kowa ya gan ta zai yaba.

Ga iyayenmu mata da suka ɗauki adashe suka sayi adaidaita ko ƙaramar mota don haya, shawararmu ita ce a ajiye wannan kuɗi gefe don ranar da taya za ta fashe ko inji ya buƙaci gyara. Fasinja bai taɓa ƙin shiga mota don fentinta ya dushe ba, amma yakan sauka idan ta mutu a hanya. Kowa ya san ɗinkin rigarsa, kuma ba mu hana mai hali yin ado da abinsa ba, illa dai ya san cewa ado ya saya, kada ya rubuta shi a littafin riba.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da asara, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.