Waɗanda Ba Su Tashi Ba a Lokacin Shaida



Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, lokacin shaida a zumuntarmu yakan yi tsawo. Wannan ya tashi ya faɗi makinsa, a yi tafi. Waccan ta samu gurbi a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu nan Kazaure, a sake tafi. Godiya ga Ubangiji wajibi ce, ban ƙi ba. Amma ni a bencin baya nake zama, daga can kuwa fuskokin waɗanda ba su tashi ba nake gani. Bara ɗaya daga cikinsu ya ɓace mana wata biyu. Da na je gidansu, mamarsa ta ce mini, "Lalaci ne kawai, a kwance yake wuni." Da na shiga ɗakin na gan shi, na san ba lalaci ba ne.

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan mutum ya rasa ma'aunin da zai san matsayinsa, da na kusa da shi yake gwada kansa. Kakanninmu a Roni da Gwiwa ma sun yi, sai dai da gonar maƙwabci suka yi, kuma shekarar da geronsa ya ƙone sun gani da idonsu. Waya ba ta nuna shekarar fari. Hoton da aka zaɓa aka gyara kaɗai take kawowa. A 2021 takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar sun nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Wanda ya ga yadda man bilicin ke ƙarewa a kasuwa kafin Kirsimeti ba zai yi mamaki ba.

Ba ina cewa gwada kai da wasu shi kaɗai ke kawo ciwon damuwa ba. Akwai gado, akwai rashi, akwai talauci. Amma shi ke hura wutar: yaro ya kwana yana maimaita wa kansa cewa kowa ya wuce shi, har ya daina ganin faɗuwar a jarrabawa, ya koma ganinta a kansa. Mu kuma a gida sai mu ƙara itace da "dubi ɗan wane."

Ku karanta 1 Sarakuna 19. Iliya, annabin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa, dalilin da ya bayar kuwa shi ne bai fi kakanninsa ba. Shi ma gwadawa ya yi. Allah bai fara da tsawatawa ba. Barci ya bar shi ya yi, aka ciyar da shi har sau biyu, tambaya sai daga baya. Mu da wa'azi muke farawa.

Wani zai ce yarda da kai ƙofar ragwanci ce. Ban yarda ba. Yaron da ya san darajarsa ba a kan maki take ba, shi ke da ƙarfin sake zama jarrabawar. Wanda ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ko fom ba zai saya ba.

Idan ƙanenka ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci da cin abinci sun rikice, abin da yake so ya fita masa a rai, ko ya ambaci mutuwa, a yi masa addu'a kuma a kai shi ga likita a ranar. Asibitin masu taɓin hankali yana nan Kazaure, ba sai wanda ya fita titi ake kaiwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Ga roƙona ga shugabannin zumunta: ranar Lahadin da sakamako zai fito bana, wani babba da ya taɓa faɗuwa ya fara tashi ya ba da tasa shaidar. Idan ba a samu kowa ba, ni zan tashi. Sau uku na zauna JAMB.