Tsiron Gida Ba Ciyawar Banza Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ku dubi lambunan gidajenmu da na makarantunmu. Furen nan mai ƙaya da ke hawa shinge, buganbiliya, asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Mu kan yi ta ɗawainiyar ba shi ruwa, amma in tsiron ƙasarmu ya fito kusa da shi, sai mu ce ciyawa ce, a kawo fartanya. A ganina wannan kuskure ne.

Akwai wani ɗan tsiro dangin agugu, watau saiwar nan da ake sha domin tsila. Ya kan fito da damina a gindin duwatsu da gaɓar rafi, inda akwai inuwa. Da ƙyar ya ke wuce taki ɗaya. Karansa baƙi ne, siriri kamar gashin wutsiyar doki, ganyensa kuwa kamar rabin wata. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya ganyen, za ka ga wani gari-gari a gefensa. Da shi ya ke yaɗuwa, in ya faɗa wuri mai laima. Danginsa suna duniya fiye da shekara miliyan 300, tun ba a yi itatuwa masu fure ba.

Dasa shi ba wuya. Inda kan reshensa ya taɓa ƙasa ya kan yi saiwa, ɗan sabo ya fito. Shi za ka ɗebo tare da ƙasarsa, ka bar uwar. Ni na sa nawa a fasasshen tulu, da ruɓaɓɓen ganye da yashi, na ajiye a gindin randa. Da hunturu ya bushe ƙurmus, har ƙanena ya so zubarwa. Da ruwan fari ya sauka sai ga shi ya tofo.

Wani zai ce, abin da ba a ci, ba ya fure, ina amfaninsa? To, yaro da ido ya ke koyo. In kullum ya ga malam yana tattalin na baƙi yana nome na gida, me zai ɗauka game da harshensu da garinsu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ina roƙonku, duk makarantar da aka tura ku, ku ware wa tsiron ƙasarmu ɗan wuri a inuwa, ku sa yara su juya ganyensa su duba da kansu.